Na bar gareji, ga abin da tof ɗin Fijo ya koya min

Wannan satin na kwashe sifanonina na bar garejin da na koyi aiki, kuma tunda yara sun dame ni da tambayar me na fito da shi, bari in faɗa muku a nan kowa ya gani. Yawancin abin da na sani a kan tof silinda, wato murfin saman inji, daga aikin wata 504 guda ɗaya ya fito, aikin da har gobe idan na tuna raina sai ya sosu.

Motar wani dattijo ce, irin haɗin Kaduna, yana ji da ita kamar me. Ta yi obahitin a hanya tof ya tsage tsakanin bawul, walda ba za ta riƙe ba. Ya ba Oga kuɗin tof na 504 cas, Oga ya tafi kasuwa ya dawo da wani mai araha, ina juya shi na ga na 404 ne. Nace Oga wannan fa ba nata bane. Yace kai yaro Fijo ai Fijo ce, ɗora mu gani. To matsalar injinan nan 'yan gida ɗaya ne, fuskar tof ɗin ta yi kama, ramukan noti sun zo daidai, duk wanda ya tsaya daga nesa zai rantse ya zauna. Amma injin 404 mai 1618cc faɗin silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, milimita 84 ne, na 504 mai 1971cc kuma 88, kuma gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin tof da jikin inji, wanda aka haɗo masa da tof ɗin na 84 ne, kaga bakinsa zai leƙo cikin wuta kenan. Na ɗauko sirinji na cika ramin ƙonewa da mai na gwada da na tsohon, na sabon ya fi ƙanƙanta, wato kamfireshan, matsin da ke cikin inji, zai hau. Na nuna masa, ko kallo bai yi ba, yace yaushe na zama injiniyan Faransa.

Muka ɗaure. Mota ta tashi lafiya lau, da ma a tsaye kowace mota lafiya take. Da ta ɗau hanya ta fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan an taka, ba a jima ba lagireto ya fara tafasa, baƙin mai ya koma fari. Da dattijon ya dawo Oga bai ko yi jinkiri ba, a gaban kowa yace Alhaji ka yi haƙuri yaron nan ne bai ɗaure noti bi da bi ba. Ni da nake fara ɗauri daga tsakiya ina fita waje tun kafin wasu su san kan sifana. Na yi shiru saboda ba a musu da maigida a gaban baƙo, aka cire kuɗin gasket daga ɗan abin da nake samu, ragowar kuɗin tof kuwa babu wanda ya tambayi inda ya shiga. Allah na gani.

Daga nan na shiga bin lambar inji na daina kallon tambarin gaban mota, kuma abin da na gano ya ban mamaki. Akwai 505 mai injin Douvrin, wanda Peugeot da Renault suka haɗa kai suka kafa masana'antarsa a 1969, kam ɗinsa, sandar da ke buɗe bawul, a saman tof yake da bel, tof ɗin 504 mai fushrod, wadda kam ɗinta yake ƙasa cikin jikin inji, ko kusa ba zai hau kansa ba duk da dukansu Fijo ne, alhali irin injin nan yana cikin Renault 20 da Citroën CX. Haka V6 na Peugeot 604 shi ne a Renault 30 da Volvo 264. Ford Sierra mai dizal 2.3 kuwa injin Peugeot ne a cikinta. To ko a irin waɗannan ɗin ma kama da wane ba wane bane, sai ka duba mazaunin manifol, wajen distiributa, ko na kafireto ne ko na injekta, ka ɗora gasket a kan bulok sannan a kan tof ka ga kowane ramin ruwa da na mai ya buɗe.

Sauran kuma ƙanana ne. Idan ka cire tof na 404 ko 504 kar ka juya inji sai ka danne silif, in ya motsa ruwa zai sauka cikin mai. Tof na alminiyam ba a kwance shi da zafi. Wanda aka taɓa kai wa fesin, wato a goge fuskarsa ta daidaita, a tambaya sau nawa aka ci fuskarsa. Kaya idan maigida ne ya sayo, a nuna wa mai mota kafin a ɗaura, ko da za a harare ka.

Dattijon dai yanzu wajena yake kawo motarsa, ban taɓa gaya masa komai ba, shi da kansa ya kai tof ɗin wajen masu fesin suka faɗa masa na wace mota ne. Oga kuma na je na yi masa sallama kamar yadda ya kamata, ya sa min albarka, maganar kuɗin gasket har na fito bai tayar ba.