Godiya bayan dawowarmu daga aikin Hajji

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah mun sauka filin jirgin Lawanti na Gombe lafiya ni da Inna, yau kwana huɗu kenan amma sai yanzu na samu sukunin riƙe waya, gidanmu na Pantami bai rabu da baƙi ba, ga kuma tarin nan da kusan kowane alhaji ke dawowa da shi. Duk wanda ya kira ban ɗaga ba don Allah ya yafe min.

Waɗanda suka ji labarin ɓatan Inna suka yi ta addu'a, ku na fara zuwa yi wa godiya. Ranar sallah ce, 10 ga Zulhajji, mun taso daga Muzdalifa za mu jifa, tsakuwoyinta bakwai ƙulle a bakin hijabi, na sake hannunta ne kawai in gyara silifas, ina ɗagowa babu ita. Wayarta kuma tana cikin jakata, ita ko daga Hausa sai Fulatanci. Wallahi na fi awa biyar ina kai da kawowa tsakanin tantinmu da hanyar Jamra, duk tsohuwar da na hango sai na leƙa fuskarta. Ashe wata baiwar Allah 'yar Nijar ce ta tsince ta, ta ba ta ruwa ta duba katin wuyanta ta rako ta har tanti, ko sunanta ban tambaya ba saboda kuka. Duk inda kike Allah ya biya ki da Aljanna.

Malaminmu na bita, Allah ya ƙara wa malam lafiya. Ya sha gaya mana cewa harami tunin likkafani ne, tsayuwar Arfa kuma tunin ranar hisabi, jifa kuma zikiri ne da tsakuwa ƙarama da kabbara, ba faɗa da shaiɗan ba (na ga wanda ya wurga takalmi dai, Allah ya kyauta). Lokacin ina jin su ne kamar karatu. Sai da na zo sa'ayi bayan abin nan ya faru, ina tura Inna a keke tsakanin Safa da Marwa, muka iso wajen koren fitilun nan da maza ke sassarfa, kawai jikina ya mutu. Nan fa Nana Hajara ta yi ta gudu sau bakwai tana neman wa Annabi Isma'il ruwa, ita da ta tambayi Annabi Ibrahim ko Allah ne ya umarce shi ya bar su, da ya ce e ta ce to ba zai tozarta mu ba. Ta faɗi haka kuma ba ta zauna ba. Sannan ruwan bai fito a Safa ko Marwa inda ta sha wahala ba, can wajen jaririn ya ɓuɓɓugo. Ni ma duk gudun da na yi, a tanti na tarar da tawa a zaune tana min faɗa wai na bar ta ba goro.

Yaya da ya cika mana kuɗin kujera, maƙwabciyata da ta riƙe min yara sama da wata guda, matan islamiyyarmu, da maigida da ya yi ta fama da tukunya, na gode na gode, Allah ya kira ku ku ma.

Batun zamzam kuwa lita biyar-biyar ne rabon kowa, kuma Inna ce ke rabawa da ɗan ƙaramin kofinta, wanda ya ga nashi ya yi kaɗan ya je ya same ta.