Jaka ta Huɗu: Yadda Na Shawo Kan Tsallaken Ɗinki a Gindin Kunne

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon ɗinkin jaka. Jiya bayan sallar La'asar na zagaye bakin jakar da ta hana ni sukuni har mako uku, allura ta haye gindin kunnuwan nan biyu masu riƙe zoben maratayi ba ta tsallake ko ɗinki ɗaya ba. Na daɗe zaune a gaban keke ina shafa wurin da ɗan yatsa, ciki da waje, ina neman aibi ban samu ba. Alhamdu lillahi. Na ga ya dace in rubuta tun abin yana sabo a kaina, domin na san da yawa daga cikinku da keken ƙafa kuke aiki irin nawa, baƙin nan da aka saba sa wa iyayenmu a kayan ɗaki, kuma wataƙila wata tana can tana shirin sayar da nata saboda matsalar da ba daga keken take ba.

Yadin ba nawa ba ne, shi ya sa abin ya fi yi mini nauyi. Yayata ce ta kawo mini ragowar atamfar Holan daga cikin kayan lefenta, yadi biyu ba kaɗan, abin da ya saura daga turmi guda mai yadi shida bayan tela ya fitar mata da riga da zane. Sunan Vlisco yana nan a rubuce a gefen, kamfanin nan na garin Helmond da ke buga yadi tun 1846, kuma duk wadda ta taɓa riƙe irinta ta san yadda saƙarta take a matse da yadda launin ya ratsa fuska biyu daidai. Zanen shi ne na tsuntsayen nan masu shawagi, kowanne a cikin da'irarsa mai siffar ƙwai, wanda mutanen Gana suke yi wa laƙabi da cewa kuɗi suna da fukafukai. Ta ce jakar rataye take so mai marfi, da ƙaramar jakar kuɗi idan yadin ya kai. Na wanke shi da ruwan sanyi na shanya a inuwa, na goge kafin in sa almakashi, domin jakata ta biyu ta koya mini cewa auduga tana tsukewa, kuma gam ɗin da ake mannawa da dutsen guga yakan taso ya yi ƙuraje idan aka manna shi a kan yadin da bai ga ruwa ba.

Asarar farko tun a wajen yanka na yi ta. Na fitar da bayan jakar da marfinta a yanki ɗaya, kamar yadda na saba yi da yadi marar zane, na tsayar da tsuntsayen daidai a baya, amma da na kifo marfin zuwa gaba sai ga su duka sun juya kai ƙasa. Babu yadda za a gyara wannan sai sabon yanka. Na sake fitar da marfi shi kaɗai, kuma saboda ina son tsuntsu ɗaya ya zauna a tsakiyarsa sosai, sai da na tsallake wuri mai yawa, kusan rabin yadi ya tafi a tsakanin kuskuren da gyaransa. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, sai dai wannan yankin da ya lalace shi ne daga baya ya zama abin gwajina.

Haɗa jikin bai ba ni wahala ba. Gaba da baya da gefe duk sun hau, kusurwoyin gindi sun fito tsaf, lainin ya zauna. Da na zo zagaye baki, inda kunnuwa biyu masu riƙe zoben maratayi suke shiga tsakanin atamfa da lainin, a nan komai ya tsaya. Keke yana tafiya lafiya har ya iso gindin kunne, sai allura ta riƙa shiga tana fita ba ta kama zaren ƙasa, ta bar dogon zare kwance a sama wajen inci ɗaya, sannan ta ci gaba da ɗinki kamar babu abin da ya faru da zarar ta sauka daga tudun. Wani lokaci zaren ya tsinke, sau biyu kuma allurar ce ta karye, ɗaya ma kanta ya yi tsalle ya wuce ta gefen fuskata.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Na sassauta zaren sama, na ɗaure shi, na ciro kwarkwaro na sake naɗi, na share ƙurar da ke ƙarƙashin haƙoran keke, na ɗiga mai. Na bar allura lamba 14 na koma 16, abin ya ɗan ragu amma bai daina ba. Na hau Keke Napep daga Tudun Wada zuwa kasuwar Sabon Gari don neman lamba 18, na saya, na dawo, sai tsallaken ya bazu har a wurin da ba shi da kauri. Sai da na ɗauki kwalin na duba da kyau na ga an rubuta DB a jikinsa. Wannan allurar keken masana'anta ce, gindinta zagayayye ne, alhali keken gida HA yake ɗauka, mai gindi da gefe ɗaya a shafe, kuma wannan shafaffen gefen ne yake tsayar da allura a daidai tazarar da bakin ƙoshiya, ƙarfen da ke juyawa a ƙarƙashin allura, zai kamo zare. Ban ce a ba ni ta keken gida ba, lamba kawai na faɗa, don haka duk wadda za ta saya ta buɗe kwalin ta murza gindin allurar a tsakanin yatsunta kafin ta biya. Na sake komawa kasuwa washegari, kuɗin mota sau biyu a kan abin da bai kai girman tsinke ba.

Da allurar da ta dace ma gindin kunne bai bari an wuce shi ba, sai na yanke cewa saitin keken ne ya goce. Na kira mai gyara, ya kwance farantin allura, ya juya ƙafar keken a hankali yana nuna mini yadda allura take sauka har ƙasa, ta ɗan ɗago, zaren ya yi 'yar madauki a bayanta, bakin ƙoshiya ya zo ya sarƙafo shi. Ya ninka tsohon wandon jins har gida takwas ya bi ta kai, ɗinki ya fito sumul. Ya ce, "Hajiya, kekenki lafiyarsa ƙalau." Na biya shi naira 4,000 kuɗin zuwa da dubawa, kuma gaskiya ya faɗa, amma kuɗin sun yi mini ciwo domin yana fita na ɗora jakar, ta sake yin abin da ta saba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne farkewa. Atamfa mai matsattsiyar saƙa ba ta manta hujin allura, musamman idan an manna mata gam a baya. Bayan na farke gefen hagu sau uku, wurin ya cika da ƙananan huji farare a jere, zaren yadin ya fara saki, kuma na tabbata idan na ƙara sau ɗaya zai yage. Na ajiye jakar a cikin leda kwana shida ban taɓa ta ba. A cikin kwanakin nan har na fara tambayar farashin keken masana'anta, na ji kuɗin da ba ni da ko rabinsu, ga shi kuma yana buƙatar wutar da ba kullum muke samunta ba. Yaya ta kira sau ɗaya tana tambaya, na ce mata ana kai, amma kunya ta hana ni gaya mata halin da yadinta yake ciki.

Mafita ta zo ne daga wurin da ban nufa da ita ba. Na shiga cikin birni ta Ƙofar Doka don in sayi fatar da zan yi maratayi, na tafi da jakar domin a gwada launi. Wani dattijo baduku da nake saye a wurinsa ya karɓe ta, ya matsa gindin kunnen da babban yatsa, ya ce, "'Yata, me kika cusa a nan?" Na ce, "Baba, kunne ne kawai da jikin jaka." Ya ce in ƙirga masa. Na fara ƙirgawa a gabansa: kunnen na ninka shi gida huɗu, da ya zagayo zobe ya zama takwas, atamfar jiki ta naɗe a baki, biyu, gam ɗin bayanta, biyu, siririn markon da na sa don jakar ta tsaya, shi ma na naɗe shi tare da su, biyu, lainin, biyu. Hawa goma sha shida ke nan a wurin da bai fi faɗin yatsu biyu ba. Sannan ya kai wurin hancinsa ya ce yana jin warin gam ɗin takalmi, na amsa cewa na shafa ne don kunnen ya tsaya kafin ɗinki. Ya ce su ba sa barin gam ya kai layin da allura za ta bi, kuma ba sa ɗinka tudu sai sun kwantar da shi. Ya ɗora wurin a kan dutsensa, ya rufe da ƙyalle, ya buga da guduma sau biyar ko shida, kaurin ya ragu a gaban idona.

Da na dawo gida na ciro allurar da na yi aiki da ita, na ja ta a tsakanin farce biyu, sai ga baƙin danƙo yana fitowa daga cikin kwarminta. A nan bayanin mai gyara da na Baba suka haɗu a kaina. Gam yana riƙe zare a jikin allura, madaukin da ƙoshiya take jira ba ya buɗewa. Tudun kuma yana ɗaga gaban takalmin keke, wato ƙarfen da ke danne yadi, ya bar bayansa a ƙasa, takalmin ya daina danne yadi sosai, yadin ya riƙa bin allura sama idan ta ɗago, nan ma madauki ba zai samu ba. Jins ɗin mai gyara shimfiɗaɗɗe ne kuma babu gam a cikinsa, shi ya sa ya wuce.

Na ɗauko yankin nan mai tsuntsaye kai ƙasa na yi gwaji uku kafin in koma kan jakar. Kunnen na sake shi gaba ɗaya: na ninka shi gida uku maimakon huɗu, ban sa masa komai a ƙarshensa ba, kuma maimakon in ɗora ƙafafunsa biyu a kan juna, na buɗe su gefe da gefe, hawa takwas ya koma uku. Na buɗe bakin jakar na rage markon da almakashi har ya tsaya rabin inci ƙasa da layin ɗinki, na ɓare gam ɗin guga daga cikin naɗin gwargwadon yadda ya yarda ya ɓaru. Abin da ya rage hawa takwas ne. Na riƙe kunnen da ɗinkin hannu maimakon gam ɗin takalmi, na buga wurin da guduma a kan turmin da na kifa, da ƙyalle a tsakani don kada launin ya ƙuje. Na sa sabuwar allura 18 ta keken gida, na buɗe tsawon ɗinki zuwa kamar bakwai a inci, na ƙara murɗa dunƙulen saman da ke danne takalmi, na bar zare mai kauri a sama da na yau da kullum a kwarkwaro. Da na iso gindin kunne na tsayar da allura a cikin yadi, na ɗaga takalmi, na cusa ninkakken ƙyalle mai kaurin tudun a bayansa domin ya zauna a miƙe, sannan na sauke ƙafata daga feda na riƙa juya keken da hannu, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Da zan sauka daga tudun na mayar da ƙyallen gaba. Sautin kansa ya canza, ina jin ƙoshiya tana kama zare a kowane juyi.

A cikin duk waɗannan, rage hawa da cire gam su ne suka yi aikin a ganina, domin a gwaji na biyu na manta da ƙyallen bayan takalmi kuma ɗinki ɗaya kawai ya tsallake, amma a gwajin da na bar gam da gangan tsallaken ya dawo kamar da, duk da guduma. Daga yanzu markona da gam ɗin guga zan riƙa yanka su su gaza atamfar da rabin inci ta kowane gefe tun a kan tebur.

Gefen hagu bai warke sarai ba. Na jiƙa hujin na goga da farce, wasu sun rufe, wasu suna nan, don haka na yanko 'yar fata daga ragowar maratayi na rufe gindin kunnuwan biyu da ita, na ɗinke da hannu, ta yi kama da ado da aka tsara tun farko, amma zan nuna wa Yaya abin da ke ƙarƙashinta idan ta zo ɗauka ranar Juma'a, tun da yadinta ne. Tsuntsun marfin ya zauna a tsakiya, bakinsa yana kallon sama, kuma da'irar da ke ƙasansa ta haɗu da ta jikin jakar har ba a ganin inda marfi ya ƙare sai an matso. Wannan shi ne abin da na fi alfahari da shi tun da na fara ɗinkin jaka.

Ƙaramar jakar kuɗin ce ta rage. Abin da ya saura na yadin bai kai inci goma sha biyu a faɗi ba, tsuntsu ɗaya ne cikakke a cikinsa, don haka bayanta zai zama fata. Zif ɗin da na saya na ƙarfe ne mai inci takwas, kuma ƙarshensa zai haɗu da fata da atamfa da lainin a kusurwa ɗaya, saboda haka yau da dare zan zauna da takarda in ƙirga hawan kusurwar kafin in yanka komai.