Ruwan da ya ɗigo daga bayan ƙanena

Yau da hantsi ni na riƙe ƙanena a gadon asibiti, ya kwanta ta gefe ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, likita ta soka allura a ƙasan bayansa don a duba ko sanƙarau ne. Na kasa kallon allurar, sai na kafa wa 'yar kwalbar ido. Ruwa ne ke ɗiga a hankali, garau kamar an tace shi. Ta ɗaga shi ga haske ta ce, "Malam, da ya fito a gurɓace ne za mu fi damuwa, amma mu jira sakamakon gwaji."

Na tambaye ta daga ina ruwan yake, ta ce daga can cikin ƙwaƙwalwa. Akwai kogo guda 4 a cikinta. Daga manyan biyun da ke gefe da gefe yake gangarowa na uku, ya bi wata siririyar hanya zuwa na huɗu, sannan ya fito ya kewaye ƙwaƙwalwa da lakar baya, jini ya shanye shi. Kusan rabin lita jikin babba ke yi kullum, alhali abin da ke ciki bai wuce kamar mililita 150 ba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe ƙwaƙwalwar yaron nan da na goya a cikin ruwa take zaune. Yanzu yana barci, na dafa goshinsa mai zafi, ina ta tunanin ruwan nan na tafiya a ƙarƙashin tafin hannuna.