Kiwon tsutsa a bayan ɗakin gwajinmu na Jos

Asalin sana'armu gwajin jini da fitsari ne. Amma a bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki da yarana ba sa rububin shiga, inda muke kiwon tsutsar koren ƙuda. Ɗaliban jami'a masu nazarin binciken gawa ne ke kawo mana aikin, kuma ba laifi, yana biyan kuɗin haya.

Gawa in ta haura kwana 3, sanyin jiki da sandarewa sun daina gaya wa likita komai game da lokacin mutuwa. Shi kuwa koren ƙuda ba ya ɓata lokaci, yakan yi ƙwai a ido, hanci, baki ko bakin rauni. Tsutsar ta yi saɓa sau biyu, ta ƙoshi, ta sauka ƙasa ta shige kwanso. Daga tsawon wadda ta fi girma da zafin wurin ake lissafa mafi ƙarancin lokacin da mutum ya yi da rasuwa.

Matsalar ita ce, duk abin da mamaci ya sha, tsutsa ta ci. A 1980 a Amurka aka gano maganin barci na phenobarbital a jikin tsutsotsin wata gawa da ta riga ta lalace. Daga baya masanin ƙwari Lee Goff da abokan aikinsa a Hawayi suka nuna hodar iblis na sa tsutsa saurin girma, haka ma heroin. Mai auna tsawo kawai sai ya ƙara wa mutuwar kwanan da ba ta yi ba. Maganin kashe ƙwari irin malathion kuwa jinkirta zuwan ƙudan yake yi. A nan abin da ɗalibai suka fi tambaya a kai shi ne tiramadol, kodin da fiya-fiya, don su ne ke yawo a gari.

Yawancin aikin a hannu yake lalacewa tun kafin a kai ga na'ura. Kashi uku muke raba tsutsa. Na farko mu tsoma a ruwan zafi mai maki 80 na daƙiƙa 30, ta miƙe sambal, sannan a sa ta a sifirit. Wanda ya jefa ta sifirit da rai, za ta takure, awo ya tashi a banza. Na biyu a wanke tas, a daskarar a firiza ba tare da sifirit ba, shi ne na gwajin ƙwaya (saboda shi na sa sola, wutar gari ba abin dogaro ba ce). Na uku mu ci gaba da ciyarwa da hanta har ƙuda ya fito a san jinsinsa. Mahaucin da ke ajiye mana hantar har yau cewa yake, "Ranka ya daɗe, wai da gaske ƙuda kake saya wa nama?"

Babbar na'urar tantance ƙwaya ta fi ƙarfin aljihuna, aikawa da tsutsar muke yi a cikin kula mai ƙanƙara zuwa inda ake da ita. In sakamako ya dawo, nakan ja wa ɗalibi kunne: tsutsa na nuna an sha abu, amma kada ya rantse a kan yawan abin da aka sha.

Sai sanyin Jos. Tsutsar da za ta ƙoshi da wuri a zafin Abuja, a nan cikin hunturu jan ƙafa take yi, ga shi kuma in sun taru jingim suna haɗa ɗuminsu. Shi ya sa ba na karɓar kwalbar da ba a rubuta mata wuri, sa'a da zafin wurin ba, ko nawa za a biya.