Daren majigi a Samaru

Asabar. Ƙafafuna zugi suke, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta wannan.

Da hantsi muka loda majigi da lasifika biyu a keke napep daga Tudun Wada. Mu tara ne: masu zane, masu ɗaukar bidiyo, 'yan wasan kwaikwayo, sai ni mai haɗa sauti. Wata uku muna karo-karo kafin muka samu aron wani tsakar gida a Samaru.

A hanya mai keken ya ce wai kwaikwayon Turawa muke yi. Abin ya sosa mini rai. Na ce masa a garin nan, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Hujjarsu ita ce kayan aikin Bature ba zai raba su da zanen gidansu ba. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a.

Bayan isha'i muka fara. Bidiyon minti 12 ne, babu magana ko ɗaya, hannun wani dattijo ne kawai a cikin birni yana fitar da ɗinkin aska takwas a gaban babbar riga. Mun ƙi rataya farin ƙyalle, a jikin katangar ƙasa muka haska, sai zaren ya zama kamar yana ɗinke tsagar bangon. A ƙarƙashin hoton 'yan matanmu uku suka kewaye turmi, duk sanda allura ta shiga, taɓarya ta sauka. Na kafa makirufo a gindin turmin, ƙarar har cikin ƙirji.

Ana tsakiyar haka aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi. Gabana ya faɗi. Su kuwa ko gezau, suka zarce da lugude, suna cilla taɓarya sama suna tafi kafin su cafe. Mutane suka kunna fitilun waya, mai kalangu ya shigo, rawa ta kankama tun lokacinta bai yi ba. Jigon daren dandali ne, kowa ya zo da suturar kakanninsa. Ni zanen saƙin Inna na ɗaura, har yanzu ƙamshin adaka yake.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai: wasu samari da suka riƙa ɗaukar 'yan mata hoto ba izini. Na tsayar da kiɗa sai da suka goge.

Ƙarfe goma muka tashi saboda maƙwabta. Hajiya mai gidan, wadda da ƙyar ta yarda da mu, ta kamo hannuna a zaure.

"'Yar nan, rabona da majigi tun ina yarinya. Hannun nan na waye?"

Na gaya mata unguwarsu. Ta yi shiru, ta ce mahaifinta ma a can ya koyi ɗinki. Ta ce in kawo mata bidiyon gobe bayan la'asar, tana so ta ga inda wuta ta yanke.