Jirgin yaƙin da ƴan makaranta suka ceto

Mu mutanen Yamai ba mu da teku, ruwan da muka sani shi ne kogin Isa da kwale-kwalensa, amma labarin wani gidan tarihi da ke birnin Mobile na jihar Alabama a Amurka ya shafe mu fiye da yadda ake zato.

Babban abin kallo a wurin shi ne jirgin ruwan yaƙi USS Alabama, wanda ya fara aiki a 1942 ya kuma yi yaƙin duniya na biyu a tekun Atlantika da na Pasifik. Tsawonsa ya haura mita 200, a lokacin yaƙin sojoji kusan 2,500 ne ke kwana suna tashi a cikinsa, kuma kowace ɗaya daga manyan igwoginsa 9 tana cilla harsashi mai nauyin fiye da tan ɗaya zuwa nisan da ya wuce kilomita 30. Kusa da shi an ɗora USS Drum, jirgi mai nutso a ƙarƙashin teku, a kan tudu, sannan ga jiragen sama irin su B-52 mai jefa bama-bamai da A-12 na leƙen asiri.

Sai dai ba girman ƙarfen ne ya fi taɓa mini zuciya ba. Da aka yi niyyar yayyanka jirgin a sayar a matsayin tsohon ƙarfe, jama'ar jihar suka ce ba su yarda ba, suka kafa asusu, har ƴan makaranta suka riƙa kawo ƴan kuɗin karin kumallonsu, kwabo-kwabo, su kaɗai suka tara kimanin dala 100,000. A 1964 aka jawo shi ta mashigin Panama, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Janairun 1965. Guguwar Katrina ta yi wa wurin ɓarna a 2005, aka sake gyarawa.

Mu ma mun san wannan aikin, tunda da mota ta buge itacen Tenere, wanda ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada, a 1973, ba a bar shi a yi makamashi da shi ba, an kawo shi gidan tarihi na Boubou Hama da ke nan Yamai. Amma duk wanda ya ratsa kasuwar Katako ya ga yadda ake auna tsohon ƙarfe a sikeli, guduma na sauka, ba mai tambayar daga ina ya fito. Ina fatan a zaɓi ko da jirgin sama ɗaya da motar sulke ɗaya daga waɗanda sojojinmu suka daina amfani da su, a yi musu fenti da rumfa, a rubuta tarihinsu da Hausa da Zabarmanci.