Asabar a bakin ruwan Lis

Yau ba aiki, kuma tun jiya da daddare Kawu ya kira ni yace in kwana da shirin zuwa kamun kifi don an yi ruwa a kan duwatsu satin nan, wadi, wato kwarin da ruwa ke bi in an yi ruwan sama, ya kawo ruwa har teku, irin wannan ranar ba a kwana a gida. Tun kafin asuba muka bar Jidda a tsohuwar wanet ɗinsa, wato a-kori-kura, ni da shi da ɗansa ƙaramin, muka yi sallah a wani gidan mai a hanya. Lis, wani gari a gaɓar Bahar Maliya, kusan kilomita 200 ce kudu da Jidda, hanya ɗoɗar sai manyan motoci da barci mai fizgar ido.

Shi Kawu haihuwar Mai Wurno ne can Sudan a bakin kogin Nilu, garin da kakanninsu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, da kamun kifi ya buɗe ido, shi ya sa in yana magana kan kifi ba na musu. Yace Bahar Maliya babu wani kogi da ke zuba a cikinta shekara zagaye, ga zafi yana ƙafar da ruwa, shi ya sa gishirinta ya kai wajen giram 40 a lita ɗaya. To duk ranar da wadi ya kawo ruwan daɗi da laka da ciyayi ya juye a cikin hor, wato lungun teku da ya shigo cikin ƙasa, ƙananan kifi da jatan lande sai su taru a wurin suna kalaci, manya kuma su biyo su. Da muka isa kuwa na gani da idona, ruwa kala biyu, wani jaja-jaja mai laka wani kore garau, da layi a tsakani yana lanƙwasa yana tafiya a hankali. Yace yaro nan za ka jefa, a kan layin nan, ba can tsakiyar teku da kake hange ba.

Ni da na zo da sandar fatsa sabuwa mai mashin ina ta ɗoki, shi ko zare ne kawai naɗe a jikin katako da ƴar dalma da ƙugiya. Bai ce min komai kan sandar ba amma kallon da ya yi mata ya isa. Abin da ya dame shi shi ne ƙulli, ya sa na ɗaura ƙugiya a gabansa yace in jiƙa zaren da yawu kafin in ja ya tsuke, in ba haka ba zafin gogayya na cinye zaren daga ciki ranar da babban kifi ya kama sai dai ka ji tas. Dalma ma ya cire wadda na sa ya ba ni ƙarama, wai a ruwa marar zurfi mai nauyi nutsewa take cikin laka ta ja koton ta binne, gara wadda ruwa zai ɗan riƙa gungurawa.

Koto jatan lande ne da habbar, wata halittar teku mai hannuwa da yawa da Bature ke kira squid, da muka saya jiya. Jatan landen ya ɓare shi ya zura ƙugiya tun daga wutsiya har ta bi lanƙwasar jikin, tsinin ya ɗan leƙo kaɗan. Habbar kuma yanka shi yake siriri-siriri, shi ya fi jure cizon ƙananan kifi, ba ya saurin zamewa. Koton kifin da ake kira arabi daban ne, wannan kifin bakinsa ƙarami kuma laka da gansakuka yake tsotsa, sai ƙugiya ƴar mitsitsiya da kwaɓin fulawa, ɗan Kawu aka bar wa wannan aikin yana ta mulmula ƙullu yana watsa kaɗan a ruwa don su taru.

Da farko shiru, ruwa a tsaye cik, sauro na cin mu ta ƙarƙashin itatuwan shura, masu tsirowa cikin ruwan gishiri a gaɓar teku. Na fara ƙosawa nace Kawu ko mu canja wuri ne, yace zauna, ruwa bai motsa ba tukuna. Ya soka wani kara a daidai bakin ruwa yace in riƙa dubawa. A wannan yankin cika da janyewar teku ba su da yawa, ba kamar yadda ake gani a bidiyon wasu ƙasashe ba, amma ɗan abin nan shi ne komai wallahi, don ruwa na fara haura karan nan sai zaren Kawu ya miƙe. Kifin da ake kira sha'ur ne, mai kyau. Ni ma can na ji ana taɓawa ɗis ɗis, yace kar ka fizga, ƙanana ne ke wasa, jira sai ka ji an ɗauka an tafi da shi. Da aka tafi da shi ɗin na ɗaga sanda, nawa bai kai tafin hannu ba, yace mayar da shi ya girma, haka na cire ƙugiyar na sake shi raina bai so ba.

Wurin da ya ɗaga murya ɗaya ne, lokacin da yaron ya cire takalmi zai shiga ruwa. Akwai kifin nan mai faɗi da ke kwanciya cikin yashi da ƙaya a wutsiya, akwai kuma wanda ba ka bambanta shi da dutse, dafinsa asibiti kai tsaye. Yace in dole sai ka shiga to da takalmi, kuma jan ƙafa za ka riƙa yi ba ɗagawa ba. Kifin sijan ma da muke so a soye ƙayar bayansa na da dafi, da tsumma ake kama shi, in ya soke ka ka tsoma hannun a ruwan zafi iya wanda za ka jure. Mai kumbura ciki kamar ƙwallo kuwa shi ko tukunya ba a kai shi, guba ce, kuma shi ne ɗan iskan da ke datse zare.

Wajen hantsi motar masu tsaron gaɓa ta wuce suka duba iƙama, wato katin izinin zama, suka tafi, dama Kawu ba ya tsayawa inda aka kafa allon hani, kuma ba ya yarda a karya ko reshe ɗaya na shura don tara ake ci. Rana na take muka tattara, sha'ur da arabi sun ɗan rufe ƙasan kula, yawanci na Kawu ne da na yaron in za a faɗi gaskiya.

Mun shigo Jidda bayan la'asar, Inna ta ware na maƙwabta sauran ta ce sayadiya, wato shinkafa da kifi, za ta yi gobe. Na wanke mashin ɗin sandar da ruwan famfo kamar yadda Kawu ya ce don gishiri na cinye shi cikin ƴan kwanaki, wuyana duk ya ƙone da rana, kuma gobe Lahadi ƙarfe 6 zan kai yaran maigida makaranta.